Furotin a kwalbar man gashi: me muke saya da jikkunanmu?

Ana saura kwana uku ƙaramar salla na shiga wani shagon gyaran gashi a nan Maraɗi, ba aikin jarida ya kai ni ba, kaina na je a gyara. Layi ya kai har bakin ƙofa. Ina zaune sai wata budurwa da ba za ta wuce shekara 20 ba ta zame kallabi, ta nuna wa mai shagon gefen goshinta inda gashi ya zube, ta ce, “Tanti, dubi yadda kaina ya koma.” Mai shagon ko taɓa kan ba ta yi ba. Ta juya ta ɗauko wata kwalba mai murfi ruwan zinare ta ce, “Furotin ne ya yi miki ƙaranci, ƴata. Wannan daga Faransa ya zo, naturel ne, sati biyu za ki ga ya tsiro.” Jika tara. Yarinyar ta fita ta buga waya, aka turo mata kuɗin, ta dawo ta biya.

Na yi shiru, kuma shirun nan yana damuna har yau, don na san kwalbar ba za ta tsirar mata da ko sili ɗaya ba. Ni ma an taɓa sayar mini da irinta. Shekara biyu da suka wuce, da na daina sa man miƙar da gashi na koma ga gashina na asali, duk abin da aka rubuta wa furotin ko keratin sai na saya. Ina shafawa duk sati, ina jiran tsawo. Abin da na samu shi ne gashi mai tauri kamar tsintsiyar kaba, ina sa mataji yana kakkaryewa bisa kafaɗata. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake jika 42 a wata, jika tara ba kuɗin wasa ba ne, shi ya sa nake ganin maganar ta cancanci a zauna a yi ta.

Gaskiyar da masu talla suke kafa hujja da ita, gaskiya ce: gashi furotin ne. Mafi yawan abin da ke cikin silin gashi wani furotin ne da ake kira keratin, shi ne kuma a farce, da ƙahon sa, da gashin tunkiya, da gashin kaza. Daga nan sai su yi tsalle su ce, tunda gashi furotin ne, shafa masa furotin zai ciyar da shi. A nan ne ƙaryar take shiga. Silin gashin da ya riga ya fito daga fata ba shi da rai. Ba jini a cikinsa, ba ya ci, ba ya sha, shi ya sa ake aske shi ba a jin zafi. Wurin da ke da rai shi ne saiwar da ke binne cikin fatar kai, kuma ita daga jini take samun abincinta. Tana turo gashi kusan santimita ɗaya a wata, ko an shafa man jika tara ko ba a shafa komai ba.

To furotin ɗin kwalba ba shi da amfani ke nan? Yana da shi, amma ƙarami ne, kuma ba ga kowa ba. Bayan silin gashi a lulluɓe yake da wasu ƴan ɓawo da suka hau kan juna, kamar yadda ake jera shuci a jinkar ɗaki. Man miƙar da gashi, wanda yawancinsa soda ce mai ƙarfi, da rini mai hasken launi, da ƙarfen miƙarwa mai zafi, duk suna ɗaga ɓawon nan, su farfasa shi, su bar ramuka. Masu haɗa kayan gashi sukan ɗauki furotin daga gashin tunkiya, ko alkama, ko waken suya, ko siliki, ko shinkafa, su daddatsa shi da sinadari ya zama ƙanana sosai. Shi ne za ki ga an rubuta Hydrolyzed Keratin ko Hydrolyzed Wheat Protein a bayan kwalba. Waɗannan gutsattsarin suna manne wa wuraren da suka fashe, mafi ƙanƙanta cikinsu ma suna ɗan kutsawa ciki, sai gashin ya yi santsi, ya rage karyewa wurin taza. Yaɓe ne a bangon da ya tsage. Yana rufe tsagar, yana kuma wankewa, bayan wanki kaɗan sai a sake. Ga wadda ta daɗe tana sa man miƙarwa ko ta yi rini, yaɓen nan yana da rana, sau ɗaya a wata ko ƙasa da haka. Ga wadda gashinta bai taɓa ganin sinadari ba, bango ne lafiyayye ake ta lafta wa laka.

Matsalar gashinmu a nan, in ban da waɗanda suka ƙone shi da sinadari, bushewa ce. Gashin baƙar fata a murɗe yake, maiƙon da fatar kai ke fitarwa ba ya iya gangarowa har ƙarshen sili kamar yadda yake yi a miƙaƙƙen gashi, kuma duk inda silin ya lanƙwasa wuri ne mai saurin karyewa. A ƙara da hunturu, da ƙura, da zafin watan Afrilu. Gashin da ke wannan hali ruwa yake nema, da man da zai riƙe ruwan, da hannu mai sauƙi. Ni furotin na riƙa ɗura masa, shi ya sa ya ƙara tauri.

Ita kuwa yarinyar shagon, abin da na gani a goshinta ba ya kama da ƙarancin komai. Layin da gashin ya zube shi ne daidai inda kitso yake ja. Ƙananan kitso da ake ɗaurewa tamau har gira ta ɗaga, a ƙara masa nauyin gashin kanti, a bar shi wata biyu, a tsefe yau a sake gobe, shi ke cinye gefen goshi. Likitocin fata sun san wannan sarai. In an sassauta da wuri gashin yana dawowa. In aka ci gaba shekara da shekaru saiwar tana mutuwa, wurin ya zama tabo, babu man da zai dawo da shi. Shawarar da take buƙata kyauta ce, a bar kan ya huta. Amma wadda ta sayar mata da kwalbar ita ce kuma za ta yi mata kitson salla, to wa zai gaya mata?

Akwai wata dabara da na koya wadda na so a ce kowace mai sayen man gashi ta sani. A ƙa'idar da Turai da Amurka suke bi, wadda kuma yawancin kamfanoni suke kwaikwayo, ana jera abubuwan da ke cikin kwalba ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci. Na farko kusan kullum Aqua ne, wato ruwa. Abubuwan da ba su kai kashi 1 cikin 100 ba su ne ake zubawa a ƙarshe yadda aka ga dama. Akwai wani sinadarin hana ruɓewa mai suna Phenoxyethanol wanda dokar Turai ba ta yarda ya wuce kashi 1 cikin 100 ba. Don haka in kin ga keratin ɗin da aka rubuta da manyan baƙaƙe a gaban kwalba ya zo bayan wannan sunan, ko bayan Parfum, to ɗan ɗigo ne aka sa don a samu damar rubuta sunan. Santsin da kike ji bayan wanki daga sauran kayan yake zuwa, irin waɗanda ke cikin man jika ɗaya da rabi. Kalmar naturel kuwa, ko natural, ba takardar shaida ba ce. Keratin ɗin da aka dafa gashin tunkiya da sinadari a masana'anta aka fitar, shi ma naturel ake ce masa.

Tushen furotin ɗin ma abin tambaya ne. Wanda aka rubuta wa Collagen daga fata da ƙashin dabba ko na kifi ake samo shi, dabbar tana iya zama saniya, tana iya zama alade, kuma sau da yawa kwalbar ba ta faɗa. Wadda abin ya dama tana da haƙƙin ta sani kafin ta biya. Na alkama ma ya taɓa jawo bala'i. A Japan an yi wani sabulun wanke fuska mai ɗauke da furotin ɗin alkama da aka daddatsa, mutum kusan 2,000 suka wayi gari jikinsu ba ya karɓar alkama, wasu in sun ci burodi sai numfashi ya sarƙe, har aka janye sabulun daga kasuwa a 2011. Bayan haka Tarayyar Turai ta ƙayyade girman gutsattsarin furotin ɗin alkama da aka yarda a sa a kayan shafa. Kwalbar da aka cika a wani lungu aka manna mata takarda mai hoton hasumiyar Paris, wa ya auna nata?

Waɗanda ba su da jika tara kuma TikTok ya ba su tasu hanyar: a fasa ƙwai biyu, a zuba madara ko mayonez, a kwaɓa a shafa. Furotin ɗin ƙwai ɗanye ƙato ne, ba a daddatsa shi ba, ba shi da ƙofar shiga silin gashi. Yana zama a sama, ruwa ya tafi da shi. Ɗan laushin da ake ji daga maiƙon gwaiduwa ne, abin da cokalin man kaɗanya zai yi ba tare da ƙarni ba. Wadda ta yi kuskuren ɗauraye shi da ruwan zafi kuwa ta san sauran labarin. Haka ruwan shinkafa da ake ta yayatawa da hotunan matan ƙabilar Yao na ƙauyen Huangluo a ƙasar Sin, masu gashi har gadon baya da ƙasa. Abin da ya fi yawa a ruwan shinkafa sitaci ne. Kuma matan nan irin gashinsu daban, yanayin garinsu daban, ba sa kitso irin namu, ba sa yanke gashin sai sau ɗaya a rayuwa. Ba a faɗin wannan a bidiyon.

Duk wannan asarar kuɗi ce da ta ƙwai. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne inda kalmar keratin ta zama mayafin abin da ke cutar da lafiya. Shagunan Yamai da na Damagaram da namu na nan sun fara tallar abin da suke kira lissage brésilien ko soin kératine, ana gaya wa mata cewa wannan ba irin tsohon man miƙarwa ba ne, furotin ne zalla, gyara yake yi. Keratin ba ya miƙar da gashi. Ba zai iya ba. Abin da ke miƙarwar a yawancin waɗannan kayan shi ne formol, sinadarin nan da ake adana gawa da shi, ko wani ɗan'uwansa da ke sakin formol in ya ji zafin ƙarfe, wanda ake rubutawa Methylene Glycol ko Formalin. Cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa formol cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa tun 2004. Hayaƙin da ke tashi lokacin da ake bin gashin da ƙarfe, wanda ke sa ido hawaye da maƙogwaro ƙaiƙayi, shi ne. Mai gashin sau ɗaya take shaƙa a wata uku ko huɗu. Yarinyar da ke riƙe da ƙarfen, ƴar koyon aiki a shago mai ƙofa ɗaya ba taga, ita kullum ce.

Da aka matsa wa kamfanoni kan formol, sai wasu suka koma wani sinadarin mai suna Glyoxylic Acid, suka rubuta sans formol a gaban kwalba. A 2024 likitoci a Faransa suka wallafa labarin wata matashiya da ƙodarta ta samu matsala har sau uku, kowane karo bayan an miƙar mata da gashi da irin wannan man. A watan Oktoba na shekarar hukumar ANSES mai kula da lafiyar abinci da muhalli a Faransa ta fito ta gargaɗi masu shaguna da jama'a su guji kayan miƙar da gashi masu ɗauke da shi. Sinadarin yana ratsa fatar kai, ya rikiɗe a jiki ya zama ƴan duwatsu masu toshe ƙoda. Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa wankin ƙoda ya san abin da ake nufi da ciwon ƙoda a ƙasar nan, da tafiyar, da layin, da kuɗin.

Ko tsohon man miƙarwar da muka saba da shi bai tsira ba. A Oktoban 2022 masu bincike na cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka suka fitar da sakamakon bin sawun mata sama da 33,000 na kusan shekara 11. Cikin waɗanda ba sa amfani da kayan miƙar da gashi, an ƙiyasta kashi 1.64 cikin 100 za su kamu da kansar mahaifa kafin shekara 70. Cikin masu yi fiye da sau huɗu a shekara, kashi 4.05. Binciken bai ce man ne kai tsaye ya jawo ciwon ba, alaƙa ya nuna, amma alaƙar ta isa ta sa mace ta tsaya ta yi tunani. Irin wannan labarin ne ya sa da yawa cikinmu muka koma gashin asali. Abin takaici ne a ce mun gudu daga wannan, an tare mu a gaba da wani sinadarin an sa masa sunan furotin.

Ƴan'uwanmu da ke Faransa, Beljiyam, Amurka, da masu zuwa Dubai da Saudiyya, ku ma da ku nake. Rabin kwalaben nan a jakunkunanku suke zuwa, tsaraba ko ƴar sana'a. Ku kuna inda ake iya bincika suna a waya cikin minti ɗaya, kuna inda ake sanar da kayan da aka janye daga kasuwa. Kafin ki saya wa ƙanwarki abin miƙar da gashi don an rubuta kératine, juya bayansa. Kasancewar abu daga Turai ya zo ba ya wanke shi, ballantana wanda aka saya a intanet ba a san inda aka haɗa shi ba.

In kuma da gaske furotin ne ya yi wa gashi ƙaranci, to ta baki yake shiga. Mu a Nijar ba sai an kawo mana hujja daga nesa ba. Duk wanda ya taɓa shiga cibiyar kula da yara masu tamowa ya ga yadda gashin yaro yake komawa ja, ya yi laushi, ya riƙa tsigewa da an taɓa. Wannan shi ne ainihin ƙarancin furotin, kuma ba a taɓa warkar da shi da shafawa ba. A manya ma, ƙarancin jini, da rage cin abinci na ganganci don a rame, da zazzaɓi mai tsanani, suna sa gashi zuba. Maijego takan ga gashinta yana zuba wata biyu zuwa huɗu bayan haihuwa, ya kuma dawo da kansa. Nijar ita ce ta biyu a duniya wurin noman wake bayan Najeriya, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayar wake furotin ne. Ga ƙuliƙuli, ga awara, ga fara, ga nono da cuku, ga kilishi, ga kwaɗon zogale. Jika tara a kasuwar Maraɗi wake nawa ne? Ƙwan da aka fasa a ka aka wanke a kwata, da an dafa shi an ci, da ya isa saiwar gashin.

Akwai abin dariya a ciki ma. Karkashin da kakanninmu suke jiƙawa su wanke kai da yauƙinsa, shi ne yanzu ake ƙullawa a leda mai kyau ana sayar wa baƙaƙen fatar Amurka da sunan ambunu na Chadi. Chebe na matan Chadi ya zagaye duniya, kuma duk wanda ya kalli yadda suke amfani da shi zai ga sirrin: ana jiƙa gashi, a shafe shi da mai da garin, a kitse shi manya-manya a ƙyale shi. Ba ya sa tsiro, karyewa yake hanawa, tsawon da ya fito sai ya zauna. Man kwakwa ma akwai binciken da aka wallafa a 2003 da ya nuna yana shiga cikin sili ya rage zubar furotin ɗin gashin lokacin wanki, ko da yake ya kamata a san masu binciken ma'aikatan wani kamfanin man kwakwa ne na Indiya. Ba ina cewa duk abin gargajiya daidai ne ba. Man shanun da ya kwana uku a ka cikin zafin bazara ba ya yi wa kowa daɗi. Amma aƙalla an san abin da ke ciki.

Wannan ne ma ya sa nake jin haushin wasu ƴan'uwanmu mata masu haɗa man gashi a gida suna sayarwa a WhatsApp da wuraren baje koli. Sana'a ce mai kyau, ina saye a wurinsu, ina so su ci gaba. Amma sun fara kwaikwayon mugun halin manyan kamfanoni: kwalba ba jerin abin da ke ciki, ba ranar haɗawa, ba ranar lalacewa, sai “mai furotin, yana tsirar da gashi cikin kwana 14”. Haɗin da aka sa wa ruwa da ƙwai ko madara ba tare da abin hana ruɓewa ba, a zafin Tawa ko Damagaram, kwana nawa zai yi kafin ya zama gidan ƙwayoyin cuta? In kin tambaya sai a ce sirrin sana'a ne. Ba wanda ya ce ki faɗi awo, amma sunan abin da zan shafa a fatata ba sirrinki ba ne.

Hukuma ma tana da aiki a nan, kuma ba sai an ƙirƙiro sabon ofishi ba. Muna da hukumar ANMC mai kula da ingancin kaya, muna da ɗakin gwaji na ƙasa LANSPEX. A fara da abu biyu. Duk kayan miƙar da gashi da ke shigowa a ɗauki samfuri a nemi formol da Glyoxylic Acid, a kuma sanar da sakamakon a gidajen rediyo da Hausa da Zabarmanci, ba a takardar Faransanci da za ta kwana a durowa ba. Sannan duk abin shafawa da za a sayar, na waje ko na gida, ya zo da jerin abin da ke cikinsa. Ƙungiyoyin masu gyaran gashi su ma su sani lafiyar yaransu ce a gaba, su ne masu shaƙar hayaƙin.

Bayan salla na koma shagon. Na ce, “Tanti, ba ni man nan na ranar in gani.” Ta miƙo da murna tana zaton saya zan yi. Na juya bayansa na ƙirga: abu 26 aka jera. Ruwa ne na farko. Keratin shi ne na 23, yana bayan Parfum, yana bayan Phenoxyethanol. A can ƙasa, da ƙananan baƙaƙen da sai an kanne ido, babu sunan Faransa ko ɗaya, babu ma sunan wata ƙasa. Na nuna mata. Ta karɓa ta duba ta daɗe, ta ce ita ma haka mai kawo mata kaya ya gaya mata, kuma katan biyu ta saya.